Waɗanda suka taɓa canja jirgin ƙasa a tashar Kita-Senju ta birnin Tokiyo, yaya kuka same ta?

Bakatsinen Tsukuba: Assalamu alaikum. Ƙanena zai zo karatu Japan, kuma hanyarsa za ta riƙa biyowa ta Kita-Senju, mahaɗar da ke gundumar Adachi a arewa maso gabashin Tokiyo. Ni dai ɓangare ɗaya na sani sosai, wato layin Tsukuba Express da aka buɗe a 2005, wanda ke da ƙofofin tikitinsa daban kuma jiragensa a sama suke tsayawa. Layuka biyar ne suka haɗu a wurin, na kamfanoni huɗu, saboda haka nake roƙon waɗanda suka saba da sauran su gaya mana abin da suka gani da idonsu.

Injiniya Ɗan Maraɗi: Wa'alaikumus salam, Malam. Na zauna a Soka, kuma kullum da safe ta nan nake bi a layin Tobu Skytree. Abin da ya kamata ƙanenka ya fara kamawa shi ne, sanin sunan kamfani ba ya wadatarwa, sai an san hawan da jirgin yake tsayawa. Tun 1962 jiragen Tobu suke zarcewa cikin layin Hibiya, kuma da cunkoson masu sauka daga wannan jirgi su shiga wancan ya wuce misali, sai aka sake gina ɓangaren, aka kammala a 1997. Yanzu jiragen Hibiya da mafi yawan masu tsayawa a kowace tasha suna hawa na uku, masu sauri da waɗanda suka nufi Asakusa ko layin Hanzomon suna ƙasa, hawa na biyu kuwa fili ne na wucewa. Da misalin ƙarfe takwas za ka ga jama'a sun kwararo kan matakala kamar an ɓalle madatsar ruwa, amma ba ihu ba ture-ture, kowa ya san gefen da zai bi. A ganina wannan gini shi ne ya ceci tashar, ko da yake mai ciwon gwiwa ba zai yarda da ni ba.

Maman Ilham: Yaya Injiniya ya faɗi gaskiya game da hawa da sauka. Da keken jariri nake tafiya, kuma lif yana nan, sai dai ba koyaushe yake kan hanyar da taron jama'a ke bi ba, don haka nakan ƙara wa kaina lokaci. Da safiyar ranakun aiki akwai taragon mata zalla, an manna alamarsa a ƙasa wurin tsayawa, kuma yana sa hankalina ya kwanta ƙwarai.

Alhajin Kameari: Bari in daɗe kaɗan a kan layin Joban, domin a nan ne baƙi suka fi ɓata. Layin suna ɗaya gare shi, amma jiragensa iri biyu ne, kuma ba a wuri ɗaya ake hawansu ba. Mai sauri yana tashi daga ɓangaren kamfanin jiragen ƙasa na JR, kuma idan ya bar Kita-Senju ba ya tsayawa sai Matsudo, bayan ya ƙetare zuwa lardin Chiba. Wanda ke tsayawa a Ayase da Kameari da Kanamachi kuwa, sai an gangara ƙarƙashin ƙasa an shige shi a layin Chiyoda na kamfanin Tokyo Metro, domin jiragen biyu sun zama tafiya ɗaya. Wani baƙona ya ga an rubuta Joban ya faɗa ciki, yana kallon unguwarmu ta taga har ta wuce. Da ya isa Matsudo, ma'aikacin tasha ya nuna masa jirgin dawowa cikin ladabi, ya iso gida abinci ya riga ya huce. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai zuwa wurina ya nemi koren alamar Chiyoda, ya manta da sunan Joban gaba ɗaya.

Bakatsinen Tsukuba: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Batun kuɗin jirgi fa, tunda kamfanonin daban-daban ne?

Injiniya Ɗan Maraɗi: Ya sayi katin Suica ko Pasmo ranar da ya sauka, ya zuba kuɗi a ciki, ɗaya daga cikinsu ya isa duk layuka biyar, na'ura ce ke lissafi. Idan kuma jirgi ya makara, akwai takardar shaidar jinkiri da ake bayarwa, wadda wurin aikina ke karɓa ba tare da tambaya ba. Ya kuma riƙa duba sanarwa lokacin guguwa, domin a Oktoban 2019, da guguwar Hagibis ta tunkaro, tun kafin ta iso kamfanonin suka sanar da dakatar da jirage, ni ma gida na wuni.

Maman Ilham: Idan zai yi alƙawarin haɗuwa da wani, su ambaci ƙofa. Ta yamma ita ce mai manyan kantunan Lumine da Marui, ta gabas kuma tana fuskantar Jami'ar Tokyo Denki.