Kifin shak da gubar ƙarfe: in gubar gaskiya ce, me ya sa yake ƙato lafiyayye?

Mai Banda, Alaba Rago:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Sana'ata bandar kifi. Nakan sara a hannun masunta ta wajen Badagry da Epe, in haɗa kwanduna in ɗora wa motocin Kano da Kaduna. Kwanan nan tarwaɗa ta yi tsadar da ba a magana, sai matar da nake sari a wurinta ta fara kawo mini yankakken shak kyafaffe. Kaya ne mai kyau: tsoka zalla, ba ƙaya ko ɗaya sai ɗan guringuntsi a tsakiya, kuma ba ya marmashewa a hanya kamar sauran banda. Masu sayar da abinci a Sabon Gari har sun fara bugo waya suna nemansa.

To yarona da ke kwaleji ya zo mini da maganar wai teku ta gurɓace da ƙarafa masu guba, kuma shak ne ya fi kowane kifi tara su a jiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na sha ganinsa da idona ana jawo shi daga kwale-kwale, ƙarti biyu ke ciccibarsa, jiki sumul, in an farke ciki hanta ta zubo ta cika roba. Haka mai shan guba yake zama? In ba ta kayar da shi ba, yaya za ta kayar da wanda ya ci yanka biyu a miya? Kuma wutar banda ba ta ƙone ta? Ku fitar da ni duhu don Allah. Jarina ne a ciki, amma ba na son ɗaukar alhakin bayin Allah.

Malamin Kimiyya, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka bai yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba.

Ƙarfen da ya fi tayar da hankali a naman shak shi ne zaiba, wadda masu haƙar zinare ke kama gwal da ita. Ƙananan masu haƙar zinare su ne suka fi kowa sakin zaiba cikin iska a duniya, sai masu ƙona kwal. Ruwan sama ya sauko da ita, koguna su kai ta teku. Mu nan Legas ga namu ƙarin: ruwan masana'antu, ruwan da ke tsatsowa daga bola irin ta Olusosun, kayan lantarkin da ake ƙonawa don cire wayar tagulla, tsofaffin batura da ake fasawa. Dalma da kadmiyam, wani ƙarfen mai guba, na bin kwata su faɗa lagun, wato babban tafkin nan na Legas, lagun kuma bakinta a buɗe yake da Tekun Atlantika ta wajen Apapa.

In zaiba ta kwanta a taɓon ƙarƙashin ruwa, wasu ƙwayoyin bakteriya kan juya ta ta koma wani nau'i da ke manne wa tsoka, ba ya fita da sauri. Ƙwarin ruwa su ɗauka, ƙananan kifaye su cinye su, manya su cinye ƙananan. Kamar adashi ne, kowa na zubi, shak ne mai kwasar ƙarshe. Ga shi da tsawon rai, jinsuna da yawa sai sun shekara goma ko fiye kafin su fara haihuwa, kullum tarin na ƙaruwa.

Maganar lafiyarsa kuwa, nan ne abin mamakin yake. A 2019 masu bincike na Jami'ar Miami suka fitar da sakamakon gwajin jinin manyan fararen shak na gaɓar Afirka ta Kudu. Sun sami zaiba da asenik (wani sinadari mai guba) da dalma a matakin da zai galabaitar da dabbobi da yawa, amma alamomin lafiya da garkuwar jikin kifayen ba su nuna wata illa ba. Jikinsa na da hanyoyin ɗaure ƙarfe: akwai furotin a hanta da ke kama kadmiyam ya riƙe, akwai sinadarin seleniyam da ke haɗuwa da zaiba ya rage mata kaifi. Hantar nan da ka gani, a wasu jinsunan takan kai kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin jiki, mai ne cike da ita, shi ke taimaka masa ya yi iyo bai nutse ba, kuma kadmiyam a can ya fi taruwa.

Ba wai ya tsira kwata-kwata ba ne. An tabbatar uwar shak na miƙa wa 'ya'yanta wani ɓangare na gubar tun suna ciki, su fito duniya da ita. A sauran kifaye kuma an ga yawan zaiba na taɓa jijiyoyi da rage haihuwa. Shak kuwa dama 'ya'yansa kaɗan ne. Amma abin da ya shafe ka, Alhaji, shi ne juriyarsa tasa ce. Zaibar da ke tsokarsa in ta shiga cikin mutum, hanji na tsotse kusan dukkanta.

Wuta kuma ba ta yi mata komai. Ko ka kyafe, ko ka soya, ko ka dafa har ya narke, tana nan. Banda ma ruwa take ƙonewa, kifi ya rage nauyi zaibar ba ta ragu ba, saboda haka kilo ɗaya na busasshe ya fi kilo ɗaya na ɗanye yawanta.

Baba na Ijora:

Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ni tun ina saurayi nake cikin ƙarnin kifi, daga dako har na mallaki shago. Mutanen bakin ruwa iyaye da kakanni suke cin shak, ban taɓa ganin an kwashi wani an yi asibiti da shi ba. Turawa akwai tsoratar da mutane. Ni abin da ya hana ni taɓa shi daban ne: in ya kwana ba ƙanƙara, zarnin fitsari yake yi, kwastoma ya shinshina ya ajiye maka abinka. Mai Banda, in za ka ji ta dattijo, ka kula da wannan, don wasu da hayaƙi suke rufe zarnin.

Nas mai awon ciki, Idi-Araba:

Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in sa baki. Ai matsalar ke nan, wannan gubar ba mai kayar da mutum nan take ba ce. Babba zai ci ya tashi garau. Ɗan tayi ne abin ji, domin zaibar na ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwar da ke kan haɗuwa. Sai yaro ya zo da jinkirin magana ko nauyin ɗaukar karatu, wa zai ce kifin da uwarsa ta ci ne? A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba zaiba a ruwa, an sami iyaye mata da ba su nuna ciwo sosai ba amma suka haifi yara da nakasar ƙwaƙwalwa. Tasu ta yi tsanani ƙwarai, ba ina cewa nan haka take ba. Mu 'yan Arewa kuma ba baƙin gubar ƙarfe ba ne, mun ga yadda dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shak cikin kifayen da ta ce mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su ƙaurace musu. A awonta, matsakaicin zaiba a naman shak ya kusa miligiram 1 a kowane kilo, na titus kuwa 0.05. Ninki ashirin fa. Don haka kada wata ta karanta wannan ta daina cin kifi, a'a, ni kullum cewa nake a ci titus da shawa, suna gina jikin uwa da jariri. Damuwata da kayan Alhaji ita ce, in ya isa Kano ya shiga miyar mai abinci, mai ciki ba ta san me aka zuba mata ba.

Mai Banda, Alaba Rago:

Hajiya, maganarki ta ƙarshe ta shige ni. To Malam, ƙananan fa? Akwai waɗanda ba su fi tsawon hannu ba, su ma suna zuwa da yawa a raga.

Malamin Kimiyya, Agege:

A jinsi ɗaya, ƙarami ya fi babba ƙarancin zaiba, haka ne. Sai dai in an riga an yanka an kyafe, ba ka da yadda za ka gane daga wane aka ciro. Kuma kwashe ƙananan nan shi ne ke ƙarar da kifin: ƙididdigar 2021 ta nuna sama da kashi ɗaya bisa uku na jinsunan shak da danginsa na fuskantar ɓacewa, kuma yawan kamu ne babban dalili, ya fi gurɓatar ruwa nesa ba kusa ba. Wanda ke hannunka yanzu ka ware masa kwando daban, kada ka cakuɗa da tarwaɗa, ka gaya wa masu sari sunansa, su kuma su kiyaye masu ciki da yara. In ku 'yan ƙungiyar banda kuna son sanin ainihin abin da ke cikin na ruwan nan namu, akwai cibiyar binciken teku ta tarayya a Victoria Island, ku tura wakili ya tambaye su yadda ake kai samfuri a auna.