Taya 285/70R17 tana gugar fenda idan an karya sitiyari: ina ake yankewa?

MaiFikof:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, asalin tayarta 265/65R17. Yanzu an saka 285/70R17 a kan rim mai ofset 0 (wato wurin ɗaure rim ɗin yana daidai tsakiyar faɗinsa), an kuma ɗaga gaba da inci 2. A miƙe lafiya lau take tafiya, amma da sitiyari ya kai ƙarshe, musamman in ana baya-baya ko za a hau tudu a karkace, sai a ji guga ta bayan tayar gaba. Wasu sun ce a ƙara ɗaga ta, wasu sun ce a yanke fenda. Ina ake yankewa, milimita nawa, kuma da wane kayan aiki? Ba na so a ɓata jikin motar.

BakanikenƘafa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a taɓa ƙarfe a fara yin lissafi. Tsohuwar tayar tsayinta kusan milimita 776 ne, sabuwar 831. Bambancin 55, wato kusan 27 ta kowane gefe. Faɗinta ya ƙaru da 20, 10 ta ciki 10 ta waje. Sai rim: in asalin na motar +30 ne kamar yadda aka saba, naka mai 0 ya turo tayar waje da wasu milimita 30. Ka haɗa, kafaɗar tayar ta fito da 40. Nan ne tushen gugar. Idan ka karya sitiyari, taya ba a kan tsakiyarta take juyawa ba, zagaye take yi, kuma iya fitowarta waje iya faɗin zagayen, har kafaɗar ta kai bangon baya na ramin taya.

Ƙarin ɗagawa ba zai raba ka da ita ba. Ɗagawa tana canza tsayin motar ne lokacin da take zaune kawai. Ranar da ƙafa ta danne har ƙarshe, taya za ta je daidai inda za ta je ko ba a ɗaga ba. Kuma a irin wannan ƙafar gaban, in ka zarce inci 2 sosai, shaf ɗin da ke juya tayar gaba zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri.

Ka fara gano inda take taɓawa. Wanke ramin tayar, ka shafa alli a kafaɗar taya, ka hau da ƙafa ɗaya kan tudu yadda za ta danne, sannan ka karya sitiyari hagu da dama, ka matsa gaba kaɗan, baya kaɗan. Allin zai bar shaida. Gwajin da ya fi wannan inganci shi ne a ɗora shasi kan ƙarfen tokara, a cire shokozoba da sifirin ɗinta, a mayar da taya, a tura hannun ƙasa da jak har ya taɓa robar da ke tsayar da ƙafa, sannan a juya sitiyari. Kada kowa ya sa kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sau da yawa ma ba ƙarfe ba ne. Cire robar tare laka. Robar rufin cikin ramin kuma a hura mata iska mai zafi har ta yi laushi, a danna ta baya da katako, a riƙe har ta huce. Sai a je saitin ƙafa a ce a ƙara kasta (jinginar ƙafar gaba zuwa baya in an kalle ta daga gefe) iya abin da ma'aunin motar ya yarda, don hakan yana matsar da taya gaba kaɗan. Abin da ya rage bayan nan shi ake yankewa.

FanalBita:
Oga ya faɗi gaskiya, bari in ɗora a kan aikin ƙarfen. Wuri na farko da alli ke nunawa galibi ba fendar waje ba ce, leɓen ƙarfen nan ne da ke tsaye a bayan taya, inda aka manne falle biyu da waldar ɗigo-ɗigo. Kada ka yanke shi ka yar. In ka cire ɗigon waldar, fallayen za su rabu, kuma bayansu wurin ajiye ƙafar direba ne, ruwa zai riƙa shiga ƙarƙashin kafet. Abin da ake yi, a tsaga leɓen a gicciye duk bayan milimita 25 zuwa 30, tsakanin ɗigon walda, ba tare da an kai gindinsa ba. Sai a kwantar da kowane yanki da guduma, a hankali, ya koma gefen da ba zai fuskanci taya ba. A cike tsagogin da man toshe haɗin jikin mota kafin fenti.

In har fendar waje ce za a rage, ga yadda ake bi. Manna tef na takarda mai faɗi a bakin fendar, layi biyu ko uku. A kan tef ɗin za ka zana layin yanka, kana aunawa daga asalin bakin fendar duk bayan santimita 5 don lanƙwasar ta tafi daidai. Kwafi zanen a kan kwali, ka juya shi, ka zana ɗaya gefen da shi, in ba haka ba hagu da dama ba za su zo ɗaya ba. Ka leƙa bayan ƙarfen tukuna: akwai wayoyin fitila, wayar ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki), tiyon birki, a wasu motocin har da tankin ruwan wanke gilashi. Ɗaure su gefe.

Ni na fi son zarton lantarki mai ƙaramin haƙori, 24 ko 32 a kowane inci, saboda ba ya ƙona fenti. In da giranda za ka yi, sa faifan yanka mai kaurin milimita 1, ka riƙa yi kana tsayawa ƙarfen yana hucewa, kuma ka rufe gilasai da jikin motar, don tartsatsin yana manne wa gilashi, a kan fenti kuma ya zama ɗigon tsatsa. Tabarau da safar hannu dole ne. Fara da milimita 10 zuwa 15, ka mayar da taya ka sake gwadawa. Abin da ake nema shi ne ratar milimita 20 zuwa 25 lokacin da ƙafa ta danne kuma sitiyari ya kai ƙarshe, don taya tana lanƙwashewa kuma laka tana cin wuri.

Bakin fenda a naɗe yake zuwa, naɗin nan ne ƙarfinsa. In ka yanke shi duka, fendar za ta riƙa karkarwa. Bar kamar milimita 10 ka sake naɗe shi ciki. Daga nan a goge kaifin da magagari, a share maiƙo, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sai fentin sama, duk a ranar. Ƙarfen da aka bari tsirara ba ya jira.

DirebanDaji:
Abu ɗaya ba a ambata ba, kuma a irin waɗannan motocin shi ne ke yawan kama taya mai tsayin kusan inci 33 irin taka: kunnen shasin da gidan direba ke zaune a kai, can ƙasa bayan tayar gaba. In allinka ya bayyana a kansa, guduma ba ta da aiki a nan. Ana rage kusurwar gabansa ne, a rufe wurin da farantin ƙarfe mai kauri kamar na kunnen ko fiye, a yi masa walda zagaye. A kare robar mazaunin daga zafi, a cire kan batir kafin walda. Wannan aikin ƙwararren mai walda ne, don nauyin gidan direba yana kansa.

Ka kuma sani tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka abin da agogon gudu ke nunawa da mitar kilomita duk za su ragu da wannan adadin. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi, birki ma zai ƙara aiki. Sannan a ƙasashe da yawa doka ta ce dole jikin mota ya rufe taya, don haka in ta fito waje sai ka ƙara mata leɓen roba mai faɗi.

MaiFikof:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura abu biyu. Robar nan mai kama bakin ƙarfe da ake sawa bayan yanka, tana da amfani? Kuma baya fa, ita ma sai an yanke?

FanalBita:
Amin. Robar tana rufe kaifi, amma tana riƙe ruwa da ƙasa, don haka kada ka sa ta sai fenti ya bushe sarai, kuma ka riƙa cire ta lokaci-lokaci kana wankewa. Baya kuwa taya ba ta karyawa hagu da dama, sama da ƙasa kawai take yi, da wuya wannan girman ya buƙaci yanka. Gwada da kaya a bodi, ƙafa ɗaya a kan tudu. In ta taɓa kaɗan, ƙara tsayin robar da ke tsayar da aksil da milimita 15 zuwa 20, ka sake shafa alli ka duba.