Baƙin mai ya zube a fadamata, wata uku ƙasar ta ƙi warkewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masana ƙasa da malaman gona. Ina noman shinkafa a fadamar Argungu. A wannan ranin jarkar baƙin mai da man gas na injin ban-ruwa ta kife a gefen gona, ta jiƙa wuri kamar faɗin tabarma huɗu.

Ɗan ƙanena mai karatu a jami'ar Aliero ya ce kada in kwashe ƙasar. A cewarsa akwai bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin su Pseudomonas da Bacillus a cikinta masu cin mai, su mayar da shi ruwa da iskar kabon, muddin sun samu iska, danshi da takin naitirojin. Na zuba kashin kaji da ɗan yuriya, ina juya ƙasar da fartanya duk sati, ina yayyafa ruwa.

Watan farko warin gas ya tafi, har na fara murna. Daga nan abu ya tsaya cak. Ƙasar tana nan baƙi, in ka matse ta sai maiƙo ya maƙale a hannu, masarar da na gwada shukawa ta tsiro ta yi rawaya ta mutu. Ni dai zargina laka ce, tana riƙe ruwa ta hana iska shiga, ga baƙin mai ya fi gas nauyi.

In gauraya buntun shinkafa ƙasar ta saki? Ko yuriyar ce ta yi yawa ta ƙona bakteriyar? Damina ta kusa, in ruwan gulbi ya hau fadama man zai bi cikin shinkafa. In tattara ƙasar in kai tudu ne?