Sati biyu a tsaunukan Maroko: agaji ne ko yawon buɗe ido?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Addu'a nake nema da gudummawa. Akwai wata ƙungiya da ke kwasar ɗalibai daga nan Ingila lokacin hutu zuwa ƙauyukan tsaunin Atlas a Maroko, inda girgizar ƙasa ta yi ɓarna a 2023. Sati biyu za a yi, a taya su gini, a koya wa yara Turanci. Kowa zai biya kuɗin shiga, ya yanki tikitinsa. Na tara rabi, saura rabi.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Addu'a kam ka samu, amma sisina ba zai shiga ba, kuma gara in faɗa a gaban kowa kada a ce rowa ce. Wannan tafiya yawon buɗe ido ce aka sa mata rigar agaji. Duk wanda ya biya kuɗin jirgi don ya je aikin sa-kai na sati biyu, da ya tura kuɗin ya zauna a gida da ya fi amfanar mutanen.

Goggo: Haba Babba. Yaro ya yi niyyar alheri ka tare shi da wannan magana? Allah yana cikin taimakon bawa matuƙar bawa yana taimakon ɗan'uwansa.

Yaya Babba: Goggo, ban taɓa niyyarsa ba, lissafi nake yi. Auta, ka taɓa riƙe cokalin magini? Girgizar ta auku ne daren 8 ga Satumba, ta kashe kusan mutum 3,000, akasari a lardin Al Haouz. Gwamnatin Maroko ta yi alkawarin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace. To wa ya kamata ya ci wannan kuɗi? Maginan yankin da leburorinsu, waɗanda su ma gidajensu suka faɗi. Kai kuma ka zo daga Ingila kana ɗaukar bulo kyauta. Bulon da ka ɗauka, abincin wani ka ɗauke.

Auta: Yaya, ai ba magina za mu kora ba. Taya su za mu yi.

Yaya Babba: Da wane yare? Mutanen tsaunin nan Amazigh ne, Tashelhit suke yi a gida, sai Larabcin Maroko wanda ko mai digirin Larabci a nan sai ya kasa kunne sosai. Sai an ɗauko maka tafinta, an nema maka wurin kwana, an dafa maka abinci. Baƙo ne kai, kuma ka san yadda talaka yake da baƙo: abin da ya hana 'ya'yansa shi zai ajiye a gabanka.

Kawu Malam: Babba, ka yi jam'u, kuma a nan ka kauce. Ni da kuke gani aikin sa-kai ya kai ni Gambiya a ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 zamanin Babangida, tana tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Lissafi na koyar a wata sakandare da ta daɗe babu malamin lissafi. In da kuɗi aka tura musu a madadina, wa zai tsaya gaban allo? Akwai gurbin da kuɗi ba ya cikewa sai mutum.

Yaya Babba: Ranka ya daɗe, shekara nawa ka yi?

Kawu Malam: Biyu, kamar yadda tsarin yake.

Yaya Babba: Kuma su suka nemi malami. Kuma da takardar koyarwarka ka tafi. Wannan daban, na Auta daban.

Kawu Malam: To ka gyara maganarka, don da farko cewa ka yi "duk wanda". Kuma kada ka raina abin da tafiya ke yi wa yaro. Gani ya kori ji. Wanda ya kwana a ƙauyen da ya rushe ba zai ƙara jin labarin bala'i a rediyo ya wuce ba.

Anti Nas: Kawu, da girmanka, wannan ribar ta Auta ce, ba ta mutanen ƙauyen ba. In karatu za shi, mu kira shi karatu. Amma ni ma ban bi bayan Yaya gaba ɗaya ba. A watan Disambar 2014 ma'aikatan lafiya wajen 200 suka tashi daga Najeriya zuwa Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, bayan mun gama da namu Ebola a Oktoba. Kyuba ma ta tura 165 Saliyo. Cutar ta kashe sama da mutum 11,000, cikinsu har da likitoci da nas-nas na ƙasashen, waɗanda dama ba su da yawa. A wannan hali ko tirela ka cika da dala, ba za ta sa wa mara lafiya ruwa a jijiya ba. Hannu ake nema, kuma hannun da ya iya.

Abin da ya fi damuna a shirin Auta shi ne yaran. Wannan ayari ya zo sati biyu, yara su saba da shi, ya tafi, wani ya zo ya sake faro musu daga A B C. Yaron da ya rasa uwa ko uba a dare ɗaya ba ya buƙatar sabuwar rabuwa kowane wata. Sannan wa ya binciki masu zuwan? A Ingilar da kake, Auta, ba za a bar ka ka shiga aji da yara ba sai an duba tarihinka a wurin 'yan sanda. Don me yaran Atlas za su fi arha?

Auta: Anti, mu fa ɗalibai ne, ba miyagu ba.

Anti Nas: Waɗanda aka kama a Haiti ma ba su ɗauki kansu miyagu ba. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, wasu Amurkawa goma 'yan wata majami'a suka kwashi yara 33 za su tsallaka da su Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba, wai za su buɗe musu gidan marayu. Da aka bincika, da yawa daga cikin yaran iyayensu na raye.

Yaya Babba: Yauwa, tunda an ambaci Haiti. Ƙasar ta yi kusan shekara ɗari ba a ga kwalara ba. A Oktoban 2010 ta ɓulla daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Nepal, ƙazantar sansanin ta malala ta shiga kogin Artibonite da mutane ke sha. Kusan mutum 10,000 suka mutu. Sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya nemi gafara. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Injiniya: Yaya, wannan misali bai zauna ba. Sojojin kiyaye zaman lafiya ne, albashi suke karɓa, kuma rundunar tana Haiti tun 2004, kafin girgizar. Ba 'yan sa-kai ba ne. Kada mu loda wa Auta kayan da ba nasa ba.

Yaya Babba: Baƙo ne dai ya zo taimako ya bar gawa.

Injiniya: In haka ne sai a rufe iyakoki, kowa ya mutu da nasa. Bari in faɗi abin da na gani. Ina karatu a Turkiyya lokacin girgizar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000 a can kaɗai, ban da Siriya. Mu ɗalibai baƙi mun so mu tafi Hatay, ɗaya daga cikin lardunan da girgizar ta fi yi wa ɓarna, aka ce mu zauna. Hanyoyi sun cushe da motocin masu kai ɗauki, har sai da hukuma ta hana motocin da ba na agaji ba shiga wasu larduna. Sai aka ba mu aiki a wani ɗakin wasanni da aka mayar rumbun kaya. Mu kwance buhu, mu ware, mu zuba a kwali, mu liƙe, mu rubuta abin da ke ciki. A tsakiyar hunturu, mutane na kwana a waje cikin ƙanƙara, ka buɗe buhu ka tarar da takalmin mata mai tsini da rigunan shan iska, wani takalmin ma ƙafa ɗaya. Abin da ake ta kira a kawo shi ne bargo da tanti da hita da famfas ɗin jarirai da audugar mata. Rabin wahalarmu tsince alherin da bai dace ba ne daga cikin wanda ya dace. Na yi amfani a wurin, amma don ina zaune a ƙasar, ina jin Turkanci, kuma ba wanda ya ciyar da ni.

Kawu Malam: To kai da wa kake?

Injiniya: Da Anti nake, Kawu. Maroko kanta ai ta nuna haka. A kwanakin farko ƙasashe da dama sun yi tayin tura masu ceto, ta karɓi na huɗu kawai: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. An zage ta, an ce siyasa ce, musamman da ba ta karɓi na Faransa ba, kuma wataƙila akwai siyasar. Amma hanyoyin tsaunin ƙanana ne, duwatsu sun zubo sun toshe su. A wurare da yawa kafin kowa ya iso maƙwabta ne suka tono 'yan uwansu da hannu da fatanya.

Yaya Babba: Kullum haka ne. Su ne na farko, su ne na ƙarshe, amma kuɗin ba ya isa hannunsu. A taron duniya kan aikin agaji da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba.

Anti Nas: Wannan kuma kai ya kama, Yaya. Kana cewa a tura kuɗi, a tura wa wa? A 2015 'yan jaridar Amurka sun bankaɗo cewa Red Cross ta can ta tara kusan dala miliyan 500 da sunan Haiti, gidajen dindindin da ta gina guda shida ne. Ƙungiyar ta ce ta kashe kuɗin a matsugunan wucin gadi da ruwa da sauransu, amma ka ga tura kuɗi ma ba a yin sa da ido rufe.

Goggo: Ni dai duk kun ruɗa ni. In taimako yake so, Maiduguri ta yi nisa ne? Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ai har yanzu akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Ya zo gida hutu mu gan shi, ya wuce can.

Auta: Goggo, ko can na je Yaya zai ce ban iya gini ba.

Yaya Babba: Zan faɗa. Amma aƙalla ba sai an ɗauko maka tafinta ba.

Anti Nas: Auta, kafin a ci gaba da jayayya ka rubuta wa ƙungiyar. Ka tambaye su wa ya gayyace su ƙauyen, ko ana biyan maginan gari, da kuma nawa ne daga kuɗin shigarka ke isa can. Batun yara kuma ka ce ba ka ciki sai in malamin makarantar yana cikin ajin.

Kawu Malam: In amsar ta gamsar, ni zan cike rabin. Babba ya riƙe sisinsa.

Auta: Na rubuta, har sun amsa. Sun ce wata ƙungiyar mutanen ƙauyen ce ke zaɓar aikin, kuma ana biyan magini da leburori biyu, mu ɗaukar dutse da kwaɓa ƙasa ne namu. Zancen kuɗin kuwa cewa suka yi "kaso mai tsoka" yana zuwa ga al'umma.

Yaya Babba: Tsoka nawa? Ka koma ka ce su rubuta maka da lamba.