Wai da gaske duk kuɗin da ya shiga akawun za a cire masa haraji?

Mai Shadda: Salam jama'a. Ni dai daga yau na daina karɓar taransfa a shago, kash kawai. Wai tun 1 ga Janairun 2026 duk abin da ya faɗo akawun ɗinka gwamnati za ta yanki nata kai tsaye.

Akawu: Alhaji wa ya gaya maka haka don Allah? Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ba ta ce haka ba. Haraji kan abin da ka samu ake biya, ba kan duk kuɗin da ya ratsa akawun ba. Naira dubu 800 na farko a shekara ma ba a taɓa su, daga nan zuwa miliyan 3 ne ake ɗaukar kashi 15.

Mai Shadda: To naira hamsin ɗin da ake zare min in na tura kuɗi fa, aljanu ne ke ɗauka?

Akawu: Wannan ai tsohuwa ce Alhaji, ta taransfar dubu goma zuwa sama, da can wanda aka tura wa ake cirewa yanzu ta koma kan mai turawa, shi ke nan.

Hajiya Mai Turare: Ni tambayata ɗaya, adashe nake riƙewa na mata goma sha biyu kuma duk akawun ɗina suke zubawa, ga kuɗin turare ga wanda yarona ke turo min daga Abuja duk wuri ɗaya, in aka zo aka ga miliyoyi sun shiga me zan ce musu?

Akawu: Yauwa Hajiya, nan ne maganar take. Kuɗin adashe ba ribarki ba ce, amma in kin cakuɗa su da na kasuwa ke za ki sha wahalar rarrabewa ranar da aka tambaya. Ki buɗe wa turare akawun daban, ki sayi littafi ki riƙa rubuta sari nawa, ciniki nawa, kuɗin mota, kuɗin shago. Rasit ko na dubu biyu ne kar ki yar.

Ɗan Kwari: Akawu kai a takarda kake magana. Mu a kasuwa ba doka ce ke cin mu ba, masu tikiti ne, jiya kaɗai mutum uku suka zo min kowa da kalar rasit ɗinsa.

Akawu: Wannan ban musa ba wallahi. Amma gudun taransfa ba zai kore su ba, kwastoma kawai za ka kora.

Mai Shadda: Ni fa ban yarda ba, a hankali ake kama biri.

Hajiya Mai Turare: Alhaji to kuɗin shaddar da kake bina in zo Kwari da jaka ke nan?

Mai Shadda: A'a Hajiya, ke turo kawai 😂