Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mapping catheter"?

1/ Jama'a, akwai wani kayan aikin likitocin zuciya da har yanzu ba mu ba shi suna ba, kuma rashin sunan yana cutar da marar lafiya ranar da aka ce ya sa hannu a takardar amincewa. Turawa na ce masa "mapping catheter". Ni dai na tsaya a kan "wayar taswirar zuciya". Ga dalilina.

2/ Zuciya da lantarkinta take aiki. Wani ɗan wuri a ɗakinta na sama na dama ke tayar da shi, ta buga sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. In wani wuri daban ya fara tayar da nasa lantarkin, ko lantarkin ya kama zagaye a hanya ɗaya, sai bugu ya rikice. Maganin shi ne a gano wurin a kashe shi. To kafin a kashe, ai sai an gano.

3/ Aikin wannan abu ke nan. Siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ana zura shi ta jijiyar jini da ke gindin cinya har cikin zuciya. A bakinsa akwai 'yan ƙarafa da ke taɓa bangon zuciya suna ɗauko lantarkin kowane gurbi, kwamfuta kuma tana haɗa su ta zana hoton ɗakin da launuka. A na'urar CARTO, ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke zana wannan taswira, in ana bin sawun inda bugu ya faro, ja ne ke nuna wurin da ya riga ko'ina tashi. Wannan kayan aiki iri-iri ne: wadda ake kira PentaRay yatsu 5 gare ta, ɗauke da ƙarafa 20. Lasso zobe ce da ake kafawa a bakin jijiyoyin huhu, waɗanda Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa na Bordeaux a Faransa suka nuna a 1998 cewa daga nan rawar ɗakunan sama na zuciya, wato wani irin rikicewar bugu, ta fi tasowa. Orion kuwa ɗan kwando ne mai ƙarafa 64.

4/ Wasu za su ce a bar shi "kateta" kawai. Ban yarda ba. Ka ce wa dattijo a asibiti za a sa masa kateta, robar fitsari zai kawo a ransa, nan take hankalinsa ya tashi. "Bututu" da "tiyo" su ma ba su yi ba, domin suna nuna abin da ruwa ke bi ta ciki, alhali wannan lantarki yake ɗaukowa, kamar testar mai gyaran wuta.

5/ Na san za a ce "waya" ta zama ta salula a bakin mutane. Haka ne, amma har gobe muna cewa wayar wuta, babu mai ruɗewa. Da zarar "taswirar zuciya" ta biyo baya, magana ta fito.

6/ Inda nake neman taimakonku shi ne 'yar'uwarta, wadda ke kashe wurin. "Wayar lalas" ta yi mini daɗi, tunda Bahaushe ya san lalas a matsayin magani. Sai dai ba kullum ake ƙonawa ba. Akwai ta daskarewa da sanyi, akwai kuma ta gajerun bugun lantarki mai ƙarfi, wadda aka amince da ita a Amurka a ƙarshen 2023. Shi ya sa nake karkata ga "wayar kashe tushe".

7/ Likita zai iya cewa: "Baba, za mu fara shigar da wayar taswira, ita ba ta ƙona komai, dubawa kawai take yi. In mun ga wurin, sannan mu kashe tushen." Likitoci da ma'aikatan jinya da ke tare da mu, ku gwada wannan a bakin gado ku faɗa mana yadda aka karɓa. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka yi karatu da Faransanci, me kuke ce mata a can?