Kar ko hayar mota? Ƙungiyar samari daga Tawa tana neman shawara kan fita wasa Yamai

Ƙaramin Mai Jita (Tawa): Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Mu shida ne a ƙungiyarmu, kuma tun da muka haɗu shekara biyu da suka wuce ba mu taɓa yin wasa a inda ya wuce Badagishiri ba. Yanzu an gayyace mu wani biki a Yamai mako guda bayan ƙaramar Salla, wani kuma ya ce mu tsaya masa a Doso idan muna dawowa, ga kuma maganar Maraɗi wadda ba ta nuna ba tukuna. Kayanmu jita biyu ne, da piyano, da kalangu, da bafal huɗu, da ampili, da teburin haɗa sauti. Shin mu shiga kar, wato babbar motar fasinja, mu biya wa kayan kuɗinsu, ko kuwa mu yi hayar Hiace ta zauna tare da mu har mu dawo gida?

Mai Sono (Yamai): Wa alaikumus salam. Idan wasa ɗaya ne, kar ta fi sauƙi, amma tun da kana maganar uku, sai ka ji daga bakin Baba Direba.

Baba Direba: Ɗana, na yi shekaru ina ɗaukar makaɗa a wannan hanya, saboda haka bari in lissafa maka ita tukuna. Daga Tawa za ku gangaro Tsarnawa ku hau babban gudron, ku wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sannan Yamai, wato kusan kilomita 550, kuma yini guda ne cur idan aka haɗa da tsayawar shingaye da salla da cin abinci. Doso a kan hanyarku take, kimanin kilomita 140 daga Yamai, don haka ba ta ƙara muku komai ba. Maraɗi ce ke sauya lissafi, domin idan kun dawo Tsarnawa, maimakon ku yi arewa zuwa gida, sai kun miƙe gabas ta Malbaza da Galmi da Madawa sama da kilomita 200, sannan ku sake dawowa ta nan. Wanda ya yi hayar mota yana biyan man duk wannan, yana ciyar da direba da yaronsa, yana kuma biyan kwanakin da motar ta yi a tsaye a ƙofar gidan biki. Kar ba ta da wannan nauyi, sai dai ita ba ta jiran kowa: da asuba take tashi, ku kuwa wataƙila ƙarfe 2 na dare kuke naɗe wayoyi. Wani zai nuna maka taswira ya ce hanyar Filinge ta fi kusa. A halin da ake ciki ban ba ku shawarar ta ba, kuma kowace hanya za ku bi, ku tambayi direbobin tasha labarinta kwana ɗaya kafin ku tashi, kada kuma dare ya same ku a daji.

Mai Goge (Maraɗi): Kada ku yarda a ɗora jita a saman mota a wannan zafi. Rana ɗaya ta isa ta lanƙwasa mata wuya ta saki mannin da ke jikinta. Ni gogena a kan cinyata yake tafiya ko da za a ce in saya masa kujera, ƙaron da nake shafa wa izga kuma a aljihun jaka yake, nesa da taga.

Hajiya Zabiya (Yamai): Ƙanena, kana tambayar mota, ni kuma ina so in tambaye ka abin da ba ka faɗa ba: nawa aka ba ku a hannu? Ina tambaya ne saboda abin da ya same mu a wata tafiya da ba na mantawa. Wani mutum ya kira mu bikin ƴarsa a wani gari can gabas, muka yi ciniki ta waya a kan jika 300, ya ce mu taso kawai, komai yana hannunsa. Saboda wanda ya haɗa mu da shi mutumin kirki ne, na ji nauyin in nemi kafin alƙalami. Na ranci kuɗin mai a wurin wata ƴar adashinmu, muka ɗauki mota mu takwas, muka isa bayan la'asar. Mun tarar an kira wata ƙungiya daga dangin ango, har sun kafa kayansu, uban amarya kuma ya shige cikin manyan baƙi, duk wanda muka aika masa sai ya dawo ya ce a yi haƙuri yana zuwa. Aka ba mu fili ƙarfe 11 na dare, lokacin da masu liƙi sun riga sun zazzage aljihunsu, muka yi waƙa huɗu aka ce a tashi. Da safe ya aiko mana da jika 60 da buhun albasa, ya ce sauran zai turo. Mun kwana biyu a garin muna jiran sauran nan, direba yana lissafa kwanakinsa, yara suna cin bashin abinci a wurin mai tuwo, daga ƙarshe sai da na sayar da zoben hannuna muka iya dawowa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba asarar ba ce, a'a, kallon da yarana suka riƙa yi mini ne a mota, domin a ransu na karɓi kuɗin na ɓoye. Biyu daga cikinsu ba su sake fita da ni ba. Tun daga ranar, ba na ɗaura ɗankwalin tafiya sai rabin kuɗi ya shigo, kuma yanzu da ake turawa ta Nita ko Amana cikin minti kaɗan babu wanda yake da uzuri. Ka sa mai bikin ya faɗi adadin, da ranar, da wanda zai ɗauki nauyin masauki da abinci, a saƙon murya na WhatsApp, ka kunna wa dukan ƴan ƙungiyarka su ji da kunnensu.

Ƙaramin Mai Jita (Tawa): Hajiya, gaskiya ba a ba mu komai ba tukuna. Abokin yayana ne, shi ya sa ban yi maganar ba.

Hajiya Zabiya (Yamai): To, yayan naka shi zai yi maganar, kuma yau, ba gobe ba.

Mai Sono (Yamai): Ina da ƙari a kan abin da ya shafi sana'ata. Bazara ce lokacin da kuran ya fi yankewa a Yamai, don haka kusan duk gidan biki yana da gurup, wato injin ba da wuta, kuma gurup ya kashe ampili fiye da ramukan hanya. Kayanku na bolt 220 ne, amma idan aka jona su a inji ɗaya da firizar da ake sanyaya lemo, duk lokacin da firiza ta tashi wutar za ta faɗi ta sake yin sama, kuma a wannan hawa da sauka ne abu ke ƙonewa. Ku zo da regilater naku, da doguwar waya mai kauri, da fis na canji, ku kuma roƙi a ware muku layinku daban. Wajen kunnawa ampili ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko, kuma kada a tayar da gurup ko a kashe shi alhali kayanku suna jone. Ni ma ina ganin ɗauko bafal huɗu tun daga Tawa wahala ce. Ku zo da teburinku da mikro ɗin da kuka saba da su, ku yi hayar bafal a nan, sai kayanku su koma abin da kar za ta ɗauka ba gardama.

Mai Goge (Maraɗi): Ku ji Bazabarme yana tallan hajarsa a cikin rigar shawara! Ɗana, idan ka yi haya a wurinsa ka ƙirga wayoyinka kafin ka tafi.

Mai Sono (Yamai): Taubashina, ai Bagobiri ba ya buƙatar bafal, muryarsa kaɗai ta isa ta kori ƴan biki.

Malamin Kiɗa (Yamai): Akwai maganar takardu da ba a taɓo ba. Kowane ɗayanku ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, ba a cikin jaka ba, domin a shingaye ana sauke fasinja a duba. Tun da za ku bi ta Ƙonni, wadda ke bakin iyaka da Najeriya, ku riƙe rasiɗin sayen piyano da ampili, don sabon kaya a cikin kwali yana kama da hajar da aka shigo da ita, kuma takarda ɗaya tana gajarta dogon bayani. Biki a gida daban yake da wasan da ake sayar da tikiti. Idan na Maraɗi a gidan matasa za a yi shi, irin yadda kuke yi a Albarka Cibau a can Tawa, to akwai izinin hukuma da kuɗin zaure da hakkin BNDA, wato hukumar kare hakkin mawaƙa da marubuta ta Nijar, kuma ya kamata ku san tun yanzu ko ku ne za ku biya ko mai gayyatar. Waƙoƙin da kuka tsara da kanku ma ku yi musu rajista a BNDA tun da kun shigo Yamai, domin da zarar kun rera su a biki sun shiga wayoyin mutane.

Sarkin Kalangu (Ƙonni): Duk kun yi magana mai kyau, amma babu wanda ya ambaci abin da ke raba ƙungiya, wato liƙi. Kuɗin ciniki kowa ya san adadinsa, liƙi kuwa a goshin mai waƙa yake sauka, sai ya ɗauka nasa ne shi kaɗai, alhali hannun mai kalangu ne ya fito da matar fili har ta buɗe jaka. Ku sa yaro ɗaya amintacce ya riƙa tsincewa yana zubawa a jaka guda, a ƙirga a gaban kowa a daren, kada a bari sai an dawo gida.

Hajiya Zabiya (Yamai): Sarki, a ƙirga a gaban kowa na yarda, amma rabon daidai wa daida ban yarda ba. Wa ke zama da dangin amarya tun da rana yana haddace sunayen iyaye da kakanni don kada a kira wata a bar wata? Wa ake zagi idan wasa ya lalace? Matar da ta liƙa jika 10 sunan mahaifinta ta ji, ba amon fata ba.

Sarkin Kalangu (Ƙonni): Hajiya, ki gwada kiran sunan mahaifin nata babu kiɗa, mu ga ko za ta tashi daga kujera.

Baba Direba: Ni dai na ga an yi wannan faɗa a bayan motata tun daga Dogon Dutsi har Madawa, kuma da aka gama babu wanda ya tuna da direban da bai runtsa ba.

Malamin Kiɗa (Yamai): Abin da na ga ya zaunar da wasu ƙungiyoyi lafiya shi ne a fara cire kuɗin hanya da na abinci, sannan a ware kaso ɗaya na kaya, wanda ba na kowa ba ne, don sayen tsirkiya da gyaran bafal da sauya fatar kalangu, sai a raba sauran yadda aka amince tun kafin a bar gida. Ko shugaba zai ɗauki kaso biyu ko ɗaya da rabi, wannan tsakaninku ne, amma a Tawa za a yanke shi, ba a masauki ƙarfe 3 na dare ba.

Sarkin Kalangu (Ƙonni): Kason kaya kuma a hannun wa zai zauna? A nan ne gizo ke saƙa, Malam, domin sau biyu ina ganin kason kaya ya zama babur ɗin shugaba.

Uwar Ɗakin Ƴan Amshi (Tawa): Ban ji an tambaya ko akwai mace a cikinku ba. Idan akwai, a nemi yardar iyayenta baki da baki, a kuma sa mai bikin ya tanadar mata ɗaki a wurin matan gidan, domin surutun da zai biyo baya ita kaɗai zai bi. Ku tafi da kilishi da cuku da garin fura daga nan gida, saboda a gidan biki makaɗa ne ake tunawa da su a ƙarshe wajen rabon abinci, kuma mai waƙa ya guji ruwan ƙanƙara bayan ya sauko daga wasa da gumi a jikinsa.

Mai Goge (Maraɗi): Game da maganar garinmu, idan har ranar da za ku tashi ba a turo ko dala ba, ku cire ta daga lissafi. Idan kuma ta tabbata, ku sanar da ni, akwai ɗaki a gidana da zai ɗauki mutum huɗu da kayansu.

Baba Direba: Ku gode wa Allah ma ba damina ba ce. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, motoci suka yi kwanaki a tsaye, kuma duk wanda ya yi haya a makon nan ya san kuɗin kwanan mota.

Ƙaramin Mai Jita (Tawa): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayana ya kira abokin nasa, ya ce zai turo rabi ranar Alhamis. Mace ɗaya ce a cikinmu, ƙanwar mai piyano ce, kuma za mu je wurin mahaifiyarsu gobe. Maganar rabo kuwa na kawo ta ɗazu, sai mai kalangunmu ya ce shi ma kaso biyu yake so, tun da kalangun na mahaifinsa ne ba na ƙungiya ba. Har yanzu dai ban gane ba, kar za mu shiga ko Hiace?

Sarkin Kalangu (Ƙonni): Yaron nan yana da gaskiya, kuma ka turo mini lambarsa in yi magana da shi.

Hajiya Zabiya (Yamai): Kada ka ba shi, ƙanena. Bari Alhamis ta zo tukuna, ka faɗa mana nawa suka shigo.